Wanda Ya Murɗe Wuyan Faifai

Jimet direba ne ya fara gani, da ya fito daga masallaci bayan sallar asuba. Faifan da ke kan rufin motarsa, wanda tun da aka san shi a Bidei kudu yake kallo, ya wayi gari yana kallon arewa, wuyansa a murɗe, an ɗaure shi tamau da igiyar kaba a jikin ƙarfen ɗora kaya. Kafin rana ta gama fitowa garin duk ya taru, kowa ya zo da bakinsa, kowa kuma ya zo da ƙafafunsa. Ƙafafun nan su suka ɓata wa Galmai rai, don kafin a tuna a kira shi, ƙasar da ke kewaye da motar ta koma kamar bakin rijiya ranar shayar da raƙuma.

Galmai mai bin sawu ne. Daga Faya har gindin duwatsu, duk wanda raƙuminsa ya ɓata ƙofarsa yake fara nufa. Ya tsufa, ya rame, haƙurinsa kuma ya riga shi ramewa. Ya kore mutane baya da sandarsa, har da mai gari Sugui, wanda ya ja da baya yana gunaguni.

Motar ta ƙungiyar makiyaya ce, allurar dabbobi take yawo da ita. Amma ba don allura mutanen Bidei suke zuba mata ido ba. Faifan nan shi ke kama tauraron ɗan'adam. Ko motar tana gudu, tana hawa tudu tana gangarawa, shi juya kansa yake da kansa, ba ya sakin inda ya ƙura wa ido a sama. Idan ta tsaya gindin dabinon mai gari sai a yi layi, kowa ya kira nasa, kuma babu gidan da ba shi da nasa, don rabin mazan garin suna ramukan zinariya can arewa, bakin iyakar Libiya. Ɗan Galmai ɗaya tilo, Kelei, yana cikinsu. Bai daɗe da aure ba ya tafi. Girbin dabino ya zo ya wuce, ya sake zuwa, babu shi babu labarinsa. Duk zuwan motar Galmai sai ya shiga layi, ya karanto lambar da ka, a danna, a yi shiru. Ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Amma muddin motar tana zuwa, yana da abin da yake jira, kuma wannan jiran shi ke tayar da shi kowace safiya.

Jimet ya sauko daga rufin hannunsa ɗauke da wani ɗan ƙarfe mai haƙora, rabinsu a karye. Shi ne ke juya wuyan faifan. Ya ce ba a ɗauki komai ba, batir yana nan, wayoyi suna nan, ko kwalbar allura ɗaya ba ta yi ƙafa ba. Sai ya juya wajen mai gari, idonsa jawur. Ya ce manyansa a Njamaina ba su san wasa ba, dole ya kai sunan mai laifin gaban jandarma a Faya, in kuwa ya koma hannu banza za a cire Bidei daga hanyar motar, kuma ba shi zai roƙa musu ba.

Mai gari ya dubi Galmai. Galmai bai dubi kowa ba, yana can yana kallon inda aka share ƙasa da ganyen dabino a bayan motar, shara mai kyau, ta wanda ya saba riƙe tsintsiya.

Kafin hantsi gari ya raba zarginsa gida biyu. Rabi sun ce Alaci mai kanti ne, don yana da wayar tauraro da yake ba da haya, kuma duk ranar da motar ta zo kasuwarsa mutuwa take. Galmai ya same shi a kan buhun sukari yana firfita da murfin kwali, tumbinsa ya riga shi zama. Alaci ya zuba masa shayi, ya rantse da iyayensa, ya ƙara da kakanninsa, ya ce yana sahun farko a masallaci, liman shaida ne.

"Ni dai tambayarka zan yi," in ji Galmai. "Yaushe rabonka da hawa raƙumi?"

"Kawu, ka zo bincike ne ko ka zo cin mutunci?"

"Duka biyu. Da kai ka hau rufin nan, da ba kukan faifai kaɗai Jimet yake yi ba."

Alaci ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya huce sai ya rage murya, ya ce in ana neman mai jin haushin motar, a je a tambayi Hemci. Jiya da yamma kowa ya ji abin da ya faɗa a bakin layi, kuma yau ba a gan shi a masallaci ba.

Hemci shi kaɗai ne ɗan Bidei da ya je ramukan zinariya ya dawo. Rami ya rufta masa a hannun dama, ya dawo da shi a shanye, ya dawo kuma da baki mai ɗaci. Jiya ya tsaya ya ce wa matan da ke layi ƙarya kawai suke saye, duk wanda ya ce musu yana lafiya a waya yunwa yake kwana da ita. Galmai bai tambayi kowa inda yake ba, sawunsa ya bi daga ƙofar bukkarsa, ya kai shi har ƙarshen gonakin dabino, inda ya tarar da shi yana jan ruwa da hannu ɗaya da haƙori. Sawun bai ko karkata wajen motar ba.

Duk da haka ya miƙa masa guntun igiya ya ce ya ƙulla. Hemci ya dubi igiyar, ya dubi hannunsa, ya jefar da ita. Ya ce ya san an riga an yanke masa hukunci, don mutumin da ya dawo babu zinariya ai duk abin da ya ɓace a gari shi ya ɗauka. Galmai ya so ya tambaye shi ko ya taɓa ganin Kelei a can. Ya sha tambayarsa, amsar ba ta sakewa, ramukan sun fi gidajen tururuwa yawa. Sai ya haɗiye tambayar ya juya.

A hanyar komawa ya ji ana cewa samari sun fara maganar ɗaure Hemci kafin ya gudu.

Galmai ya jira rana ta karkata. Sawu ba ya magana da tsakar rana, sai haske ya kwanta gefe. Ya sa aka kawo masa turmi ya taka, ya hau rufin motar da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya fara duban inda faifan ya fuskanta. Ba arewa kai tsaye ba ce. Ya runtse ido ɗaya ya bi bakinsa, sai ga shi ya faɗa daidai tsakanin duwatsu biyun nan da motocin masu zinariya suke bi su ɓace. Ɓarawo ba ya saiti, mai hushi ma ba ya saiti. Wanda ya yi wannan ya tsaya ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa.

Sai ya sunkuya. A cikin ƙurar rufin, bayan takalmin Jimet, can gefe inda mutum zai dafe ya ja igiya da ƙarfinsa duka, akwai sawu guda, babu takalmi. Ƙarama ce ƙafar, dunduniyarta siririya, ɗan yatsan ƙarshe ya hau kan na kusa da shi. Galmai ya zauna a inda yake, ya gane ƙafar.

Bai san fuskar Wozina ba. Matar ɗansa ce, kuma a Bidei suruki ba ya kallon matar ɗansa, ba ya yi mata magana, ita ma ba ta kiran sunan mijinta ko ta tambayi labarinsa a gabansa. In ya shigo ta gabas, ita ta fice ta yamma. Amma kowace safiya sawun nan yake tararwa a ƙofarsa, inda ta ajiye masa nono da dabino ta tafi. Daga sawun ya san ranar da take zazzaɓi, ya san ranar da ta ɗauko ruwa fiye da ƙarfinta. Ya san ma cewa da yamma takan je ƙarshen gari ta tsaya, yatsunta suna kallon duwatsun nan biyu. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don shi ma nasa sawun yana can, ɗan nesa da nata.

Jimet ya ɗaga murya daga ƙasa ya tambaye shi ko ya ga wani abu. Galmai ya shafa tafin hannunsa a kan ƙurar, ya ce gobe da safe a tara mutane.

Idan ya faɗi sunanta, jandarma za su tafi da ita Faya, danginta kuma ba za su bar 'yarsu ta dawo gidan da ya tona mata asiri ba. Kelei zai dawo, in zai dawo, ya tarar da bukka babu kowa. Idan ya yi shiru, Hemci zai tafi a ɗaure, ko motar ta tafi ba ta ƙara dawowa. Ya juya abin ta kowane gefe, duk inda ya juya ɗansa ne yake ƙara yi masa nisa.

Kafin magariba ya je bayan bukkar tabarmarta, inda akuyarta take ɗaure. Ya zauna ya ba bukkar baya. Ya ji dakan da ake yi a ciki ya tsaya. Ya yi gyaran murya, ya dubi akuyar.

"Ke baƙar akuya, na ji an ce yau da asuba kin hau mota."

Akuyar ta ci gaba da tauna igiyarta. Can sai murya ta fito daga cikin tabarma, ƙasa-ƙasa, ita ma da akuyar take.

"Gaya wa mai tambaya, masu mutane a Faya suna samu. Masu mutane a Musoro da Njamaina suna samu. Duk kudu ne. Abin nan kudu yake kallo, ko an juya motar sai ya koma. Ya ba arewa ƙeya. Ta yaya za a ji mutumin da aka ba ƙeya?"

Ta ce ta so ne kawai ta juya shi kafin a fito salla, don in an buɗe layin safe ya zamana yana kallon inda ya kamata. Amma duk ta juya shi sai ya yi gurnani ya koma, kamar raƙumin da ya ji ƙanshin gida. Sai ta ɗauko igiya. Da ta ji ƙas a cikin wuyansa ta san ta yi ɓarna, ta sauko ta share sawunta, ta manta da na sama.

Tausayi ya kama Galmai, kunya ma ta kama shi, don shi da kansa ya sha tsayawa a layi yana kallon faifan nan yana jin haushin inda ya sa gaba. Abin da ya raba shi da ita kawai, ita ta iya hawa.

"Gaya mata gobe ta zo wurin taro," ya ce. "Ta zauna a baya. Kada ta buɗe baki."

Washegari Juma'a ce. Motar bisa al'ada Laraba take isowa ta tashi Alhamis, wannan ne karon farko da ta kwana har Juma'a a Bidei. Aka taru gindin dabinon mai gari. Aka zaunar da Alaci da Hemci a tsakiya, Hemci da samari biyu a bayansa. Galmai ya sallami Alaci da magana ɗaya, ya bar tumbinsa ya yi masa shaida. Hemci kuma, Galmai ya ɗaga masa hannun da ya shanye ya nuna wa jama'a, sannan ya nuna musu ƙullin igiyar, ya tambayi samarin ko akwai mai iya wannan da hannu ɗaya a cikinsu. Suka koma gefe suna sosa ƙeya.

Sai Galmai ya juya wajen Jimet ya ce kafin ya faɗi abin da ya gani, yana da tambaya: me ya sa faifan nan kullum kudu yake kallo, alhali 'ya'yansu suna arewa?

Jimet ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ya ga babu mai dariya, jira suke. Sai ya ajiye hushinsa ya yi bayani a hankali. Tauraron yana can sama ne ta wajen kudu, wuri ɗaya yake tsaye. Muryar kowa, ko daga Libiya take ko daga Makka, can take fara hawa sannan ta sauko. Faifan ba mutum yake nema ba, tauraron yake bi. In aka juya shi arewa, babu abin da zai ji sai iska.

Gunaguni ya tashi. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta daɗe tana cewa a juya abin nan. Wani dattijo ya ce shi har ya yi niyyar yi wa direban magana. Mai gari ma ya kau da kai yana gyara rawani.

"Sawun daga gidana ya fito," in ji Galmai. "Sunana za ka kai Faya. In diyya suke so, ina da taguwar raƙumi. In mutum suke so, ga ni."

Jimet ya dubi gwiwoyin tsohon, waɗanda jiya sai da turmi suka kai shi rufin. Ya dubi layin matan da ke baya, duk sun rufe fuska. Sannan ya ce to, sunan Baba zai kai, kuma zai faɗa musu dalili, sauran ya rage nasu.

Sai Hemci ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce tunda an gama mayar da shi ɓarawo, bari ya gaya musu abin da ba wanda ya taɓa tambayarsa. A ramukan can ciki waya ba ta kamawa. Sai ranar Juma'a, in an fito don salla da sayen ruwa, ake hawa wani dutse a kunna waya. Su kuwa sun zauna suna kira ran Laraba suna zagin faifai.

Nan take wurin ya hautsine. Jimet ya ce injin juyawa ya mutu, amma in an kwance igiyar ana iya saita faifan da hannu, sai dai dole wani ya riƙe shi, kuma kada ya motsa ko da faɗin yatsa. Alaci ya ce ai ba sai an nema ba, wanda ya karya wuya shi zai zama wuya. Aka yi dariya. Galmai bai yi ba, ya taka turmi ya hau.

Bayan an sauko daga salla Jimet ya zauna gaban na'urarsa yana ba da umarni, dama kaɗan, sama, ya yi yawa, dawo, tsaya nan. Galmai ya tsaya nan. Ya rungume ƙarfen da rana ta gasa, ya kafa ƙafafu, fuskarsa a kudu. Layi ya fara tafiya. Wasu suka samu, wasu ba su samu ba. Da aka zo kan gidan Galmai, mai gidan yana sama hannuwansa a cike, sai matan suka tura Wozina gaba.

Bai dubi fuskarta ba. Ya saukar da ido gefen motar, inda ƙafafunta suke a kan yashi. Ya ji ta karanto lambar, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Aka danna. Yatsunta suka nutse cikin yashi suka tsaya. Sai ya ga dugaduganta sun ɗaga, ta tsaya a kan yatsu kamar mai leƙa katanga. Kelei yana da rai. Galmai ya ƙara sunkuyowa, faifan ya ɗan gusa.

"Baba, kada ka motsa!" Jimet ya ce daga ƙasa. "Zai yanke."

Ya damƙe ƙarfen. Muryar ɗansa tana saukowa ta cikin abin da ya runguma a ƙirjinsa, shi kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji. Ba zai iya ce mata ta miƙo ba, ba zai iya saki ya sauko ba. Ya ci gaba da karanta ƙafafun. Sun yi 'yar rawa, sun taka nan sun taka can. Daga baya suka daina. Dugadugan suka sauko a hankali suka zauna, ƙafa ɗaya ta hau kan ɗaya tana murza ta. Ba bana zai dawo ba, ƙila ma ba baɗi ba.

Ta miƙa wayar ta juya. Galmai ya so ya kira ta, ya tambaye ta ko muryar ta sake, ko ya tambayi tsohonsa. Babu akuya a kusa. Jimet ya kira na gaba, wata tsohuwa ta matso tana karanto lambarta, shi kuma ya gyara tsayuwa ya ƙara riƙe faifan.